Ramin Lodi a Ƙanƙara

Duk wanda ya bi ta bayan tsohon sitonmu a Ƙanƙara zai ga wani kwari mai dogon gangare. Da damina ruwa yake tarawa, awaki su sha, agwagi su yi wanka. Masu tasowa yanzu suna zaton kududdufi ne da aka ɗebi ƙasar gini. Ba kududdufi ba ne. Da diga da shebur muka haƙa shi, saboda ƙugun wani dattijo, kuma ina cikin waɗanda suka fara yi wa aikin dariya.

A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, naira tana sabuwa a hannun mutane, ni ne akawun wani Alhaji mai fataucin hatsi. Akawu dai suna ne. Karatuna bai wuce elementare ba, sai dai na iya lissafi, ina kuma rubuta wasiƙar da za a gane. Lokacin birane sun cika maƙil, samari sun bar gona sun tafi aikin kwangila, kowane baki yana neman tuwo. Mukan sayi masara da dawa a Daudawa da Tafoki da Ƙetare, mu leƙa kasuwar Sabuwa da ta Faskari, mu tara a sito, sannan a loda wa manyan motoci masu bodin katako su yi Kudu.

Alhaji da jakai ya fara. Ya yi shekaru yana bin su a ƙafa kafin Allah ya buɗa masa, kuma halin bai sake shi ba. Ko bayan ya sayi mota, in ya ga jaki da kaya a hanya sai ya rage gudu ya dubi yadda aka ɗaura mangala. In ta karkata, ya leƙo ta taga ya yi wa mai jakin faɗa, ko ya san shi ko bai san shi ba. Ba shi da yawan magana, amma idonsa ba ya hutawa.

Yadda ake lodi a lokacin, katako ne mai kauri ake jinginawa a bayan mota. Mutum biyu su cicciɓi buhu su aza wa ɗan dako a wuya da kafaɗa, shi kuma ya hau katakon nan, yana lilo a ƙarƙashinsa, ya kai sama ya sauke ya dawo. Haka za a yi ta yi har mota ta cika. Shugaban masu dakonmu wani dattijo ne mutumin Ƙetare. A kasuwa Sarkin Dako ake ce masa, mu kuwa Baba muke kiransa. Da damina manomi ne, da kaka sai ya ɗaure ƙugu da tsohon rawani ya taho sito. Gajere ne mai kaurin wuya, furfura ta cinye gemunsa, amma ba saurayin da ke rigansa kai buhu sama. In ya taka katako matasa suka ɗauki yi masa kirari, sai ya ƙara sauri da gangan. Ba shi da shanu, bai je Makka ba. Wannan hawan shi ne girmansa a gari.

Shekarar da Alhaji ya koma aikin Hajji, tafiyar ta faɗo daidai kaka, ya bar mini sito. A Funtua na ga dabarar da wasu 'yan kasuwa suke yi. Tunda mai mota da ɗan dako duk a kan buhu ake biyansu, sai a yanka tsohon buhu a ɗinka a bakin sabo, a ƙara masa tsawo, a danna hatsi har ya yi tozo. Ɗori ake ce masa. A suna buhu ɗaya ne, a wuya kuwa ya fi haka nesa. Na dawo na sayi basilla da igiya na sa aka yi wa namu haka, ina jin kaina mai wayo. 'Yan dako suka yi gunaguni a tsakaninsu. Ban da Baba, don a wurinsa namiji ya ce kaya ya yi masa nauyi abin kunya ne. Shi ya fara miƙa wuya, sauran suka bi.

Bayan Alhaji ya dawo, aka gama zuwa yi masa barka da sauka, ranar da ya fara zuwa sito ya tarar mun tada sallar azahar a gindin maɗacin da ke ƙofa. Da yake ya makara, sai ya tsaya a sahun baya. Wannan makarar ita ta tona komai, don ya ga abin da mai tsayawa gaba ba ya gani. Ya ga gadon bayanmu duka. Baba a zaune yake salla a ƙarshen sahu. Sauran masu dako kuwa, in an yi ruku'u hannunsu ba ya kai gwiwa sosai, in za su ɗago sai sun dafa ƙugu.

Da aka sallame, Alhaji ya matsa kusa da Baba.

"Baba, yaushe ka fara salla zaune?"

"Sanyi ne, Alhaji. Ya shiga ƙugu. Zai hita."

"Ikon Allah. Sanyin nan ya tsallake akawu, ya tsallake direba, masu dako kaɗai ya zaɓa?"

Direbanmu wani Banufe ne mai barkwanci, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Nufawa da Katsinawa, don haka shi da Baba ba sa haɗuwa ba su taɓa ba. Ya ce, "Alhaji, tsufa ne. Bakatsine ba ya yarda ya tsufa sai an tuna masa."

Baba ya ce, "Rufe mana baki, bawa. Kai da ko tulun ruwa ba ka iya ɗauka."

Aka yi dariya, ban da Alhaji. Ya tashi ya shiga sito, na bi shi. Ya kama kunnen buhu ɗaya ya jinjina, bai motsa ba. Ya shafa ɗinkin da yatsa.

"Akawu, wa ya yi wa buhuna hula?"

Na ce ni ne, kuma haka kowa yake yi yanzu. Da na ga bai amsa ba sai na ƙara da abin da nake ganin hujja ce. Yayana yana aiki a injin gurzar auduga a Funtua, shi ya ba ni labarin cewa can jami'an gwamnati sukan zo su duba ko an rufe bel ɗin inji, kuma in inji ya cire wa ma'aikaci yatsa dole a biya shi diyya. Na ce, "To wannan doka ta masu inji ce, Alhaji. Ba wanda ya taɓa zuwa kasuwa duba buhu. Mutanen nan ba ma'aikatanmu ba ne a takarda, dako suke yi. Ciwon baya kuma ba ya jini, wa zai ce a nan aka same shi?"

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Sa'ad da nake bin jakai, ba gwamnatin da ta ce in sa masu akumari ƙarƙashin kaya. Amma in jakina ya yi miki a baya, kowa a zango ya san laihin wa. Ba a tambayar jakin. To wanda zai tambaye ni ƙugun dattijon nan ba takarda zai duba ba. Ɗauko wuƙa."

A ranar aka farke ɗori duka, hatsi ya koma buhunan da suka dace da shi. Ni na farke na farko. Ban ji daɗi ba, ba kuma don tausayin kowa ba, riba nake hange tana zubewa.

Da a nan ya tsaya, da ba abin da zan rubuta. Amma washegari ya zo da wata magana. Ya ce daga yau ba mai sake aza buhu a wuya a sitonsa. Mutum biyu za su kama, ɗaya ta kunnuwa ɗaya ta gindi, ladan lodi kuma a kan mota za a yanke, a raba, don kada wani ya ga an rage masa abinci. Aka ce, Alhaji, mutum biyu ba sa hawa katako da buhu a tsakaninsu. Ya ce ya sani, shi ya sa ba za a ƙara hawa katakon ba.

Ashe ya daɗe yana kallon yadda ake loda shanu a kara. Sa ba ya hawa katako, ko an doke shi, don haka masu shanu suke tara tudun ƙasa, mota ta manna bayanta, dabba ta shiga da ƙafarta. Ya ce, "Saniya ta yi gardama an yi mata tudu. Mutum ne bai gardama, shi ya sa aka bar shi da katako." Shi kuwa ba tudu yake so ba, don tudu ma hawa ne. Rami yake so a bayan sito, mota ta gangara da baya, har bodinta ya yi daidai da daɓen ƙofa, a shiga da buhu kamar ana shiga ɗaki.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce Alhaji ya dawo daga Makka rana ta taɓa masa kai. Masu dakon sauran 'yan kasuwa suka samu abin yi, in namu sun wuce sai su ce, "Ga masu jego nan! A kama a hankali, kada ɗinki ya warware!" Ni ma a zauren hira na ce maigidana yana haƙa wa dukiyarsa kabari. Na faɗa, an yi dariya, na ji daɗin dariyar.

Wanda abin ya fi ƙona wa rai shi ne wanda aka yi dominsa. Baba ya zo ya tsaya a bakin ramin ana haƙa, ya ce, "Alhaji, in na tsufa ka hwaɗa mani da baki. Ba sai ka tara gari ka haƙa rami ka nuna masu ba."

"Baba, ba kai kaɗai ke da baya ba."

"To ni nawa bai kai ƙara ba."

Ya kwance rawanin ƙugunsa ya kakkaɓe, ya tafi. Bayan kwana biyu muka ji ya koma wurin wani ɗan kasuwa a Faskari, inda katako da ɗori suke nan yadda ya saba. Na lura duk motar da ta dawo daga can sai Alhaji ya tambayi yaran motar ko sun ga dattijon, kuma a tsaye yake salla ko a zaune.

Ramin farko kunya ya ba mu. Gangaren ya yi tsaye da yawa, ƙasar kuma sabuwar haƙa ce. Direba ya shiga da baya lafiya lau, aka loda mota cikin sauƙin da ba mu taɓa gani ba, samari har da waƙa. Da aka zo fita, taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana watsa ƙasa, mota ta zauna daram kamar ta samu gida. Mutane suka taru a kan katanga da bisa itace suna kallo. Direba ya sauko ya riƙe kai ya ce, "Na bi ta kogin Kwara ban nutse ba, yau ga ni na nutse a tsandaurin Katsinawa."

Dole a sauke kayan duka. Nan na ga abin da har yau ban manta ba. Alhaji ya tuɓe babbar riga, sabuwa dal, tsarabar Makka, ya rataye a reshe. Ya ce, "Kuskuren nawa ne, ba zan bar ku da shi ba. Akawu, kama gindi." Ni da shi muka kama buhun farko, gari yana kallo. Ban taɓa ɗaga buhun masara ba sai ranar. Wannan kuwa marar ɗori ne, kuma mu biyu ne, amma kafin mu sauke na biyar na ji wani abu yana ja mini daga ƙugu har dunduniya. Na tuna dattijon nan yana hawa katako da wanda na yi wa hula, shi kaɗai. Ban iya kallon kowa ba.

Alhaji bai fasa ba. Ya sa aka ja gangaren ya yi tsawo, aka kwaso marmara aka shimfiɗa aka daɓe, aka yanka 'yar hanyar ruwa a gefe. Mota ta biyu ta fita kamar ana jan zare. Masu cewa jego suka daina, daga baya wasunsu suka fara zuwa tambayar ko akwai gurbi.

Ana cikin haka labari ya zo cewa Baba ya durƙusa a tsakiyar katako a kasuwar Faskari. Bai faɗo ba, bai kuma saki buhun ba sai da aka hau aka karɓa, amma ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaukarsa. A bayan mota aka kai shi gida. Alhaji yana jin haka ya ce in shiga a-kori-kura mu tafi Ƙetare.

Muka same shi kwance a zaure a kan tabarma, rub da ciki, bayansa duk shatin ƙahon wanzami. Da ya ga Alhaji sai ya juya fuska bango.

"Kun zo ku ga abin da kuka hwaɗa ya tabbata."

"Mun zo gaisuwa, Baba. Ya jiki?"

"Jiki ya yi sauƙi. In sadaka ce, a kai masallaci. Ban lalace ba tukuna."

Alhaji ya zauna a ƙasa kusa da kansa, ba a kan buzun da aka shimfiɗa masa ba. Ya ce, "Ƙugun nan a sitona ya fara lalacewa, ba a Faskari ba. Can ƙarasawa ya yi. Gobe za a kai ka asibiti a motata, wannan ba shawara ba ce. Amma akwai abin da ya kawo ni ban da shi. Yaran nan sun iya kamawa, ba su iya jerawa ba. Shekaranjiya mota ta karkata a hanyar Tafoki, saura kaɗan ta kwanta. Kuma dogo da gajere suke haɗuwa a buhu ɗaya, nauyi ya koma kan gajere. Ba mai jin maganata a cikinsu kamar yadda suke jin taka."

Gaskiya ya faɗa, don ina cikin motar ranar da ta karkata. Baba ya ce, "Wa ya jera?" Aka gaya masa. Ya yi tsaki. "Wannan ko itacen girki bai iya jerawa ba. Buhu ai sarƙa shi ake, kamar tubali."

Na ga ƙofa ta ɗan buɗe, sai na matsa na durƙusa. Na ce, "Baba, ɗorin nan ni na kawo shi. Ka yafe mini."

"Au, da ka zaci ban sani ba? Ina kallonka da basillarka kamar baduku." Ya juyo da kansa da kyar ya dubi Alhaji. "In zan dawo, da sharaɗi. Kowace mota, buhun hwarko akawu shi za shi kama. Wanda ya ɗinke bakin buhu shi ɗanɗana abin da ya ɗinke."

Alhaji ya yi dariyar da ban taɓa ji ya yi ba. Ya ce, "An gama."

Haka kuwa aka yi, kuma haka aka ci gaba har aka rufe siton. Ko ina cikin farar riga, ko da baƙi, in mota ta gangara rami sai an kira ni. Tun daga nan ba buhun da ya ƙara yin tozo a wurinmu, don ni zan fara jin sa a jikina.

Baba ya yi watanni yana jinya. Alhaji ya riƙe masa gida har ya tashi, bai kuma bari kowa ya kira abin sadaka ba, cewa yake yi hakkin sito ne. Da ya dawo, kujera aka kafa masa a bakin rami, mai jingina, da sanda a hannu. Shi ke haɗa mutane biyu-biyu gwargwadon tsawonsu. In ya ga saurayi ya sunkuya da baya zai ɗaga buhu, sai ya ɗana masa sanda a gwiwa ya ce, "Durƙusa, ɗan nema! Ƙahwa aka ba ka don ɗauka, baya na salla ne." In rana ta take, ya tsai da lodi a sha ruwa, ko direba yana ta hon. Wanda a da yake ganin hutu abin kunya ne, shi ya koma mai tilasta shi. Kirarin ma bai ɓace ba, sai dai yanzu in mota ta fita a miƙe ba karkata ake yi masa.

Amma salla a zaune ya ci gaba da yi. Alhaji kuwa tun ranar nan bai ƙara tsayawa a sahun gaba a sito ba. Ko ya riga kowa alwala sai ya ja baya. Mutane suna cewa tawali'u ne. Ni na san abin da yake dubawa.

Sai da wata kakar ta zagayo. Ranar an loda motar Sabuwa, muka tada la'asar, na samu kaina kusa da Baba a ƙarshen sahu. Da aka kabbara na ji kafaɗa ta taɓa tawa. A tsaye yake. Liman ya yi ruku'u, na ji ƙasusuwan dattijon suna ƙara ɗaya bayan ɗaya kamar ana karya kara, ya tafi a hankali, a hankali, har tafin hannunsa ya sauka a gwiwa. Ya tsaya nan. Allah ya yafe mini, wannan raka'ar ban san abin da na karanta ba.

Da aka sallame direba ya kasa haƙuri, ya ce, "Baba, ashe injin bai mutu ba, man giris yake so."

Baba ya ce, "Bawa, je ka ka tada motarka."

Na waiwaya sahun baya. Alhaji yana zaune da carbi, kansa a ƙasa. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya tashi, sai ya bi ta kusa da ni ya ce, "Akawu, gobe akwai motar Daudawa. Ka zo da tsohuwar riga."